Wa Zai Tsaya wa Wa? Baje Manhajojin Jama'a a Shafin Buɗaɗɗiyar Manhaja da Nauyin da Ke Biye da Shi

Tsakure

Duk buɗaɗɗiyar manhajar da ta yi ƙarfi takan tara mutane a kewayenta, waɗanda ba sa cikin masu kula da ita amma suna gina nasu manhajojin a kanta. Daga nan tambaya kan taso: shin ya dace a ware musu wuri a shafin intanet na uwar manhajar? Wannan maƙala ta bi abin da ya faru da Kodi da shagon Snap da WordPress da GNOME da Mastodon da OpenStreetMap domin neman amsa. Matsayinta shi ne ya dace a baje su, amma sanya sunan wani a shafinka lamuni ne, kuma tsadar lamuni ba ta bayyana a ranar da aka ɗauke shi. Don haka kada aiki ya baje fiye da abin da zai iya komawa ya sake dubawa, kuma ya rubuta dokar cirewa tun kafin ya sanya sunan farko.

Gabatarwa



Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya ba kowa damar ganin rubutunta na asali, ya gyara shi, ya rarraba wa wasu. Lasisi irin su GPL da MIT sun faɗi abin da mutum zai iya yi da rubutun, kuma kusan dukkansu suna ɗauke da sakin layi mai cewa babu garanti, wanda ya ɗauka ya ɗauka da ƙashin kansa. Abin da lasisin bai taɓo ba shi ne suna. Rubutun na kowa ne, amma shafin intanet na aikin, da tambarinsa, da yardar da jama'a suka yi masa, suna hannun mutane ƙalilan, sau da yawa 'yan sa-kai da ke aikin bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu.

Wata rana wani zai rubuto wa waɗannan 'yan ƙalilan ya ce ya gina manhaja a kan tasu, mutane suna amfani da ita, yana roƙon a sa sunanta a shafi. Roƙo ne mai ladabi, amsa shi kuma ba ya cin minti goma. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin batun tsara shafi kawai, a ina za a sa hoto, wane launi za a yi wa maɓalli. Ina ganin batu ne na shugabanci, kuma yawancin ayyukan da suka sha wuya a kansa sun sha ne saboda sun amsa roƙon farko kafin su yi tunanin na ɗari.

Abin da shiru ke jawowa

Zan fara da dalilan baje kolin, domin suna da ƙarfi. Wanda ya zo shafin wani aiki a karo na farko ba ya karanta bayanin yadda aka tsara manhajar. Yana son ya ga me aka yi da ita, kuma su wa. Jerin manhajoji masu rai shaida ce cewa aikin ba zai mutu gobe ba. Ga shi kuma aikin buɗaɗɗiyar manhaja ba shi da kuɗin biyan waɗanda ke gini a kansa. Abin da yake da shi na sakayya shi ne ya nuna wa duniya aikinsu. Mai gina manhaja da ya ga an san da zamansa yakan dawo ya kawo rahoton kuskure, ya gyara bayani, wani lokaci ya zama mai kula da aikin nan gaba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika kawowa ba: in ba ka nuna wa jama'a naka ba, wasu za su nuna musu abin da suka ga dama da sunanka. Kodi manhaja ce ta kallon fina-finai da sauraron sauti, wadda aka sani da XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Tana karɓar ƙananan manhajoji na ƙari da kowa zai iya rubutawa. Wasu suka rubuta na satar fina-finai da wasannin ƙwallo, 'yan kasuwa suka ɗora su a kan ƙananan akwatuna suna sayarwa da sunan Kodi. A watan Yunin 2015 kamfanin Amazon ya cire Kodi daga shagon manhajojinsa bisa zargin tana sauƙaƙa satar fasaha, alhali ita kanta ba ta zuwa da fim ko ɗaya. A Afrilun 2017 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Filmspeler, ta yanke cewa sayar da irin waɗannan akwatuna keta haƙƙin mallaka ne. Masu kula da Kodi sun daɗe suna ƙoƙarin raba sunansu da wannan kasuwa. Makamansu biyu ne: rajistar tambari, da kuma iyaka bayyananniya tsakanin rumbunsu na hukuma da jerin ƙarin da suka haramta. Da ba su da rumbun da za su nuna su ce “ga namu”, da ba su da bakin cewa “wancan ba namu ba ne”.

Ke nan ƙin baje komai ba tsira ba ne. Tambayar da ta rage ita ce me aiki ke ɗaukar wa kansa idan ya baje.

Lamuni

Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu ke gudana bisa bashi. Mai shanu ya taso daga arewa bai san mahautan garin ba. Yakan sauka wurin maigida, dillalan maigida su haɗa shi da mahauci, a ba da shanu a kan za a biya daga baya. Mai shanu ya yarda ne don maigida ya tsaya, kuma in mahauci ya gudu da kuɗi, sunan maigida ne ke zubewa, baƙi su koma wani gida. Abin lura a bayanin Cohen shi ne maigida ba ya auna mahauci sau ɗaya ya huta. Dillalansa kullum suna kasuwa suna bin wa ake bi bashi, wa ya fara jinkirin biya, domin mahaucin da ke da gaskiya bara yana iya karyewa bana. Shafin aiki da ya jera manhajojin wasu yana matsayin wannan maigida, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu kula da ayyuka sukan yi ƙoƙarin kuɓuta da jimla ɗaya a ƙasan shafi, cewa ba su da alhakin abin da ke cikin jerin. Jimlar tana iya amfani a kotu, amma ba ta sauya yadda mai amfani ke karanta shafin. Shi dai ya ga tambarin da ya sani a sama, ya ga manhaja a ƙasa, ya haɗa su.

Shagon Snap, wanda kamfanin Canonical mai tsarin Ubuntu ke gudanarwa, ya nuna wannan a fili. A da shagon yana barin kowa ya ɗora manhaja, na'ura ce ke yin binciken farko. A Fabrairun 2024 aka gano wata manhajar jabu da aka yi wa kamannin lalitar kuɗin kirifto ta Exodus. Aikinta kawai ta nemi kalmomin sirrin mai lalita ta aika wa ɓarawo. An ba da rahoton mutum ɗaya ya yi asarar kusan Bitcoin 9, wajen dala 490,000 a farashin lokacin. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne an nuna manhajar da alamar cewa ba ta da haɗari. A wurin injiniyoyin da suka tsara alamar, ma'anarta ita ce an killace manhajar, ba ta iya taɓa sauran abin da ke cikin kwamfuta, kuma hakan gaskiya ne. Mai amfani kuwa ya fahimci an duba ta an yarda da ita. Killacewa ba ta hana mutum ya miƙa sirrinsa da hannunsa. Bayan an sake samun irin waɗannan manhajoji, Canonical ya koma sa mutum ya duba kafin a yi rajistar sabon suna a shagon.

Ranar cirewa

Manhajar jabu tun asali ita ce matsala mai sauƙi, domin bincike a bakin ƙofa yana iya kama ta. Mai wuyar ita ce manhajar da ta shiga da gaskiyarta sannan ta sauya hannu.

A 2017 wanda ya rubuta Display Widgets, wani ƙari na manhajar gina shafuka ta WordPress da ke kan shafuka kimanin 200,000, ya sayar da shi. Sabon mai shi ya cusa masa ɓoyayyen rubutu da ke ba shi damar dasa tallace-tallacen banza a shafukan mutane ba da saninsu ba. An cire shi daga rumbun WordPress an mayar fiye da sau ɗaya kafin a rufe ƙofar gaba ɗaya. Sunan bai sauya ba, yawan masu amfani bai sauya ba, yabon da aka yi masa a shekarun baya yana nan a shafi yana yi wa sabon mai shi aiki. A ƙarshen 2023 kuma aka sayar da Simple Mobile Tools, tarin manhajojin Android da suka yi suna wajen rashin talla da rashin bibiyar mai amfani, ga kamfanin ZipoApps wanda sana'arsa ita ce samun kuɗi ta talla da biyan wata-wata. Lasisin ya ba jama'a damar ɗaukar rubutun su ci gaba da shi da sunan Fossify, wannan kuwa alheri ne na buɗaɗɗiyar manhaja. Amma duk shafin da ya taɓa cewa “ku sauke wannan, ba ta bibiyar ku” ya wayi gari maganarsa ta tsufa, kuma ba wanda ya aiko masa da sanarwa.

Ko ba mugunta, lokaci kaɗai ya isa. Cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da ke nan a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Jerin da aka yi aka manta yana ruɓewa a hankali: wannan adireshin ya mutu, wancan wani ya saye shi ya mai da shi gidan caca, waccan manhajar ta tsaya a kan tsohon zubi da ba ya aiki da sabon. Baƙon da ya latsa uku a jere ya tarar da gawa zai yanke cewa aikin ma ya mutu. Jerin da aka kafa don ya nuna rai ya koma shaidar akasin haka.

Cirewa kuma tana da ciwon da sanyawa ba ta da shi. Wanda za a cire sau da yawa sananne ne, ya taɓa taimakawa, an haɗu da shi a taro. In babu rubutacciyar doka, cire shi zai zama hukuncin mutum ɗaya a kan wani, kuma ɗan sa-kai da ya gaji zai zaɓi ya bar abin yadda yake don gudun rigima. Shi ya sa nake cewa dokar cirewa ta riga jerin zuwa: wata nawa na shiru ne za a ɗauka an yi watsi da manhaja, me zai faru in ta sauya mai ita, wa ke yanke hukunci, ina wanda aka cire zai kai kuka.

Hanyoyin da aka gwada

Ayyukan da suka daidaita wannan lamari sun yi abu ɗaya ta fuskoki daban-daban: sun rage abin da suka tsaya wa, sun kuma faɗi ainihin me suka tsaya wa.

GNOME, mai tsara fuskar da mai kwamfuta ke aiki da ita, ta kafa shirin Circle a Nuwamban 2020 domin manhajojin da masu zaman kansu suka gina da kayan aikinta. Akwai sharuɗɗa a rubuce, daga ciki har da buɗaɗɗen lasisi, da bin ƙa'idojin tsara fuskar manhaja na GNOME, da bin ƙa'idar ɗa'a ta al'ummar. Kwamiti ne ke gwada manhajar ya mayar wa mai ita da gyare-gyare kafin a karɓa. Shafin manhajoji na GNOME kuma ya raba na ainihinta da na Circle, mai karatu ya san wa ke bayan kowace. Abin da ya burge ni a nan shi ne dubawar da kanta ta zama makaranta. Manhajar takan fita daga hannun kwamiti ta fi yadda ta shiga. Tsadarsa ita ce jinkiri, domin masu dubawar 'yan sa-kai ne. Mozilla mai burauzar Firefox ma a 2019 ta zaɓi kimanin ƙari 100 daga cikin dubban da ke rumbun Firefox ta ba su alamar shawara, tare da alƙawarin duba tsaronsu a kai a kai, sauran kuma aka rubuta a jikinsu cewa Mozilla ba ta sa musu ido ta wannan fuskar.

Mastodon, dandalin sada zumunta da ke gudana a kan sabobi masu zaman kansu, ta bi ta wata hanya. Tun 2019 duk sabar da ke son a jera ta a shafin shiga sai ta ɗauki alƙawari huɗu: yaƙi da cin zarafi da wariya, adana kwafin bayanai kullum, samun aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga na'urar in gaggawa ta taso, da ba masu amfani sanarwar wata uku kafin a rufe. Biyu na ƙarshe duk game da ranar mutuwar sabar suke, wato an yi tunanin ƙarshe tun a bakin ƙofa. F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android da aka kafa a 2010, shi kuma yakan harhaɗa yawancin manhajojin da kansa daga rubutun asali, sannan ya liƙa wa kowace alamar aibinta: wannan tana da talla, wannan tana bibiya, wannan ta dogara da sabar da ba a buɗe take ba. Bai ce komai lafiya ba. Ya faɗi abin da ya gani ya bar wa mai waya zaɓi.

Tsarin OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a ke ginawa, shi ne nake ganin ya fi dacewa da ƙaramin aiki. A babban shafinsa akwai zubin taswira 'yan kaɗan, wasu daga cikinsu na masu zaman kansu kamar na masu keke da na ayyukan jinƙai, kuma akwai rubutattun sharuɗɗa kan wanda zai shiga: ya game duniya, a riƙa sabunta shi, ya iya ɗaukar cunkoson masu ziyara, ya kawo abin da sauran ba su da shi. Ɗaruruwan sauran manhajoji da ke amfani da bayanan taswirar suna shafin wiki, inda kowa ke iya ƙarawa ko gogewa, kuma kowa ya san haka. Ɗaki biyu ke nan: ƙarami da masu aikin suka tsaya wa, da babba da jama'a ke share wa kansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa su wuri guda, a ɗauki yawan babban ɗaki a sa masa tambarin ƙarami.

Wa ke riƙe da mabuɗi

Da zarar jeri ya yi tasiri, ya zama iko, kuma iko yana buƙatar a san hannun da yake ciki. WordPress ce ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet, rumbunta na ƙari kuma yana da kusan 60,000. A Satumban 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Matt Mullenweg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WordPress kuma shugaban kamfanin Automattic, da kamfanin WP Engine mai ajiye wa mutane shafukan WordPress, a kan amfani da tambari da yawan gudummawar da WP Engine ke bayarwa. Aka toshe wa WP Engine hanyar shiga WordPress.org. Ranar 12 ga Oktoba aka karɓe gurbin Advanced Custom Fields, wani ƙari mallakar WP Engine da ke kan shafuka sama da miliyan 2, aka sauya masa suna zuwa Secure Custom Fields, da hujjar gyaran tsaro. A Disamba wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ba da umarnin wucin gadi cewa a mayar da abubuwa yadda suke.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta ce wa ke da gaskiya a asalin rikicin. Abin da ya shafe mu shi ne mutane da yawa a lokacin ne suka fara jin cewa shafin WordPress.org mallakar mutum ɗaya ne, ba na gidauniya ba, kuma mutumin yana da kamfanin da ke gasa da wasu daga cikin waɗanda ke cikin rumbun. Ayyuka da dama suna da irin wannan siffa: kamfani ɗaya ne ke biyan yawancin ma'aikata, yana kuma da tasa manhajar a cikin jerin. Ba laifi ba ne, amma ya wajaba a faɗa a fili, kuma a cire hukuncin sanyawa da cirewa daga hannun mai gasa. In an karɓi kuɗi don a ɗaga wani sama, a rubuta cewa talla ce. Sauran kuma a jera su bisa ƙa'idar da kowa zai iya tantancewa, ko da jerin baƙaƙe ne kawai.

Inda abin ya taɓa mu

Wannan ba rigimar Turai da Amurka kaɗai ba ce. DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya da Jami'ar Oslo ke jagoranta, ita ce ma'aikatun lafiya na Nijeriya da Nijar da Ghana ke amfani da ita. Tana da rumbun manhajoji da ake kira App Hub, inda ƙungiyoyi da kamfanoni daga ƙasashe daban-daban ke ɗora abin da suka gina, ana kuma dubawa kafin a karɓa. Manhajar da aka ɗora a kan DHIS2 tana aiki ne da izinin ma'aikacin da ya shiga, tana ganin abin da yake gani. Jami'in bayanai a wata jiha ba shi da lokacin karanta rubutun asalin kowace manhaja, kuma bai kamata a sa ran zai yi ba. Kasancewarta a rumbun hukuma ita ce shaidar da yake da ita, bayanan da ke hannunsa kuma na marasa lafiya ne.

Ta ɗaya ɓangaren, matashin da ya gina manhaja a Kano ko Maraɗi ya fi takwaransa na Berlin buƙatar wannan gurbi, domin ba ya zuwa tarukan da ake sanin juna, ba shi da wanda zai ambace shi. In aka ce shahara ce ma'aunin shiga, kamar yawan taurarin yabo a GitHub, inda masu gina manhaja ke ajiye rubutunsu, an rufe masa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa, domin taurarin suna bin wanda aka riga aka sani. Rubutattun sharuɗɗa da kowa zai iya cikawa su ne kariyarsa. Zan so kuma in ga shafukan baje koli suna faɗin abubuwan da mu ke fara tambaya kafin mu sauke manhaja: nauyinta megabayit nawa, tana aiki in babu sabis, tana tafiya a kan tsohuwar waya, da waɗanne harsuna take magana, kuma yaushe ne wani daga cikin masu kula da aikin ya buɗe ta ya gwada a karo na ƙarshe. Wannan kwanan wata ya kamata ya fito a gefen kowane suna, wanda ya wuce shekara ba a sabunta ba kuma a sauko da shi zuwa jerin jama'a har sai an sami mai dubawa.